Daga Ƙararrawa Zuwa Dangwala Yatsa: Tarihin Ƙirga Lokacin Ma'aikaci a Masana'anta



Abin da ya sa na ɗauko wannan magana yau, wani ɗan wana ne da ke aiki a wata masana'antar roba a yankin Ota. Ƙarshen watan jiya ya same ni nan Agege da takardar albashinsa a hannu, ransa a ɓace. An zaftare masa kuɗin kwana uku. Ya je ofishin biya, akawu ya juyo masa fuskar kwamfuta ya ce ga shi nan, na'ura ta nuna ba ka zo ba. Ya ce da ni, "Baffa, wallahi na je. Injin bakin ƙofa ne ya ƙi karɓar yatsana, oga ya ce in wuce zai rubuta." Na ce, "To ɗana, ka ga ya rubuta ɗin?" Sai ya sunkuyar da kai.

Ni kuwa na yi shekaru ina akawun lokaci a wata masana'anta a Ikeja, tun zamanin kati da agogon bango, don haka na san inda ake neman kwana uku idan sun ɓace. Amma kafin in faɗi yadda muka ƙare, ina son mai karatu ya biyo ni mu ga inda wannan al'ada ta samo asali. Yaranmu da yawa yanzu suna cikin masana'antun Ikeja da Agbara da Shagamu da Fatakwal, kullum suna dangwala yatsa safe da yamma, ba tare da sun san abin da ake rubutawa a kansu ba.

Iyayenmu da suka fara zuwa ƙasar nan ba sa'o'insu suka zo sayarwa ba. Goro da shanu ne suka kawo su. Unguwar Sabo ta Badun tun 1916 aka kafa ta, Zangon Agege kuma goro da jirgin ƙasa ne suka raya shi. A wannan duniyar, aiki ake biya ba lokaci ba. Ɗan dako da yawan kayan da ya ɗauka ake sallamarsa, mai ɗaurin goro da yawan huhun da ya ɗaure, manomi kuma ya ba da jinga, ko ka gama da hantsi ko ka kai la'asar, ruwanka. Masana'anta ce ta zo da sabon ciniki, wato ta sayi sa'o'in mutum. Duk abin da ake saye kuwa sai an auna shi, kuma kowa ya san rigimar kasuwar hatsi ba ta wuce mudun wa za a yi awo da shi ba. Tarihin da zan bayar, in aka taƙaita, rigimar mudu ce.

Mu fara da Ingila. Wajen shekarar 1700, wani attajiri mai suna Ambrose Crowley yana da maƙerar ƙarfe babba kusa da garin Newcastle, ya kuma rubuta wa ma'aikatansa kundin dokoki guda. A ciki ya naɗa wani jami'i wanda aka ɗora wa riƙe takardar lokacin kowane ma'aikaci, minti da minti. Yinin aiki sa'a 15 ne, a cire sa'a ɗaya da rabi ta cin abinci, saura 13 da rabi. Daga nan kuma jami'in ya zaftare duk lokacin da mutum ya ɓata a gidan giya, ko barci, ko shan taba, ko waƙa, ko karanta labarai, ko gardama. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dokar agogo. Crowley ya gano cewa wasu ma'aikatansa da agogo mai jinkiri suke lissafin shigowa, da mai sauri kuma suke lissafin tashi. Sai ya kafa doka cewa agogo ɗaya tak za a bi, ya sa aka kulle shi don kada kowa ya taɓa. Masanin tarihi E. P. Thompson ne ya fito da wannan labari fili a wata maƙala da ya buga a 1967.

To amma in ma'aikaci ya iya wayo, maigida ma ya iya, kuma shi ke riƙe da makulli. A cikin maƙalar dai an kawo labarin wani da ya yi aiki yana yaro a masaƙun Dundee ta ƙasar Sikotlan, wanda aka buga a 1850. Ya bayyana yadda ake tura agogon masaƙa gaba da safe, a ja shi baya da dare, har ma'aikaci na tsoron zuwa da agogon aljihunsa, don ana iya korar wanda ya cika sanin lokaci. Ka ga an buga gindin mudu ke nan. Wannan ya sa dokar masana'antu ta 1844 a Ingila ta tanadi cewa da agogon da jama'a ke iya gani za a riƙa lissafi, kuma sai sufeton gwamnati ya amince da shi. Sannu a hankali ma'aikata suka daina faɗa da agogo, suka koma faɗa a kan yawan sa'o'in, har aka samu dokar sa'a 10 ga mata da matasa a masaƙu a 1847.

Na'urar da ta raba gardama tsakanin akawu da lebura a Amurka aka ƙera ta. Wani mai sana'ar agogo da kayan ado a garin Auburn na jihar Niyok, Willard Bundy, shi ya samu shaidar mallakar ƙirarta a 1888, ƙanensa Harlow kuma ya kafa kamfanin ƙera ta a 1889. Kowane ma'aikaci yana da ɗan makulli mai lamba, in ya zura ya murɗa sai na'urar ta buga lambarsa da lokacin a kan doguwar takarda da ke ciki. A 1894 wani mai suna Daniel Cooper ya fito da wadda ke buga lokacin a kan kati. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin takardar Bundy a cikin akwati take, katin Cooper kuwa a hannunka yake, kana ganin abin da aka buga maka. Har yau a Filifin da Ostireliya ana kiran agogon shiga aiki da sunan Bundy. Kamfanonin nan sun haɗe a 1900, sannan a 1911 aka sake haɗa su da wasu, ciki har da kamfanin Herman Hollerith mai injin ƙirga katuna masu huji, wanda aka yi ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890 da shi. Wannan gamayya ce ta koma IBM a 1924. Wato kwamfuta da agogon bakin ƙofa 'yan ɗaki ɗaya ne tun fil'azal.

Sai dai agogon bakin ƙofa abu ɗaya kawai yake faɗa, wane ya shigo, wane ya fita. Ba ya faɗin abin da mutum ya yi a tsakani. A nan ne nake son mai karatu ya natsu, domin lissafi na biyu daga wani gida dabam ya fito. Wani hafsan sojan Amurka, Kyaftin Henry Metcalfe, wanda ya kula da maƙerar makamai ta Frankford da ke Filadelfiya, ya rasa gane nawa kowane kaya ke ci kafin a gama shi. Sai ya tsara cewa babu aikin da za a taɓa sai da takardar oda mai lamba, kowane ma'aikaci kuma a ba shi ɗan littafin katuna. Duk sanda ya koma wani aiki, ya cike kati, ga lambar oda, ga abin da ya yi, ga lokacin da ya ci. Da yamma a tattara katunan a jera su bisa lambar oda, kuɗin kowane aiki ya fito fili. Ya bayyana tsarin a littafin da ya buga a 1885. Wannan shi ne kakan abin da ake kira katin aiki. Saboda haka lissafi biyu ne ke bin ma'aikaci, na ƙofa domin albashinsa, na bakin inji domin farashin kaya. Ofisoshi biyu ne ke riƙe da su, kuma sau da yawa ba sa ko gaisawa.

Daga nan sai Frederick Taylor, mutumin da har yau ba a gama gardama a kansa ba. Ya fara aiki a kamfanin ƙarfe na Midvale a 1878, ya taso daga lebura har ya zama babban injiniya. Da yake ya zauna cikin ma'aikata, ya san suna rage hannu da gangan, ya kuma san dalili. In ana biya bisa yawan abin da aka ƙera, ka zage ka yi da yawa, gobe maigida ya rage farashin kowane guda. Shi Taylor sai ya ce maganin abin shi ne a daina tambayar nawa aka saba yi, a nemo nawa ya kamata a yi. Ya ɗauko agogon ƙidayar daƙiƙa ya tsaya a kan ma'aikaci, ya yayyanka aikin gunduwa-gunduwa, ya auna kowace gunduwa, ya haɗa, ya ƙara ɗan lokacin hutu, ya ce ga ƙa'ida. Shahararren misalinsa daga kamfanin ƙarfe na Bethlehem ne a 1899, inda leburori ke loda guma-guman ƙarfe a taragon jirgi, kowane guda ya haura kilo 40. Ya ce da, kowane mutum tan 12 da rabi yake lodawa a yini, shi kuma ya kai wanda ya zaɓa tan 47, ya ɗaga ladansa daga dala 1.15 zuwa dala 1.85. Mai karatu ya yi lissafi da kansa, aiki ya ninka kusan sau huɗu, lada ya ƙaru da kashi 60 cikin 100. Daga baya, a 1974, wasu masana biyu, Wrege da Perroni, sun bi takardun lokacin suka nuna cewa Taylor ya yi wa labarin gishiri sosai, kuma mutane ƙalilan ne suka iya jure wannan lodi.

Duk da haka ba zan jefar da shi gaba ɗaya ba. Kafin shi, abin da helima ya ga dama shi ne ƙa'ida, in yana ƙinka ya ce kai rago ne, ba ka da abin kare kanka. Lamba aƙalla ana iya gardama da ita. Illar ita ce wanda zai ɗauki kayan ba ya cikin masu yanke lambar. A watan Agusta na 1911, shekarar da littafin Taylor ya fito, wani maƙeri a maƙerar makaman gwamnati ta Watertown ya ƙi yarda a tsaya masa da agogo a ka. Aka kore shi, sauran suka ajiye aiki suka bi shi. Magana ta kai majalisar dokokin Amurka, aka kira Taylor ya yi bayani a 1912, a 1915 kuma aka hana amfani da irin wannan agogo a maƙerun soja, hanin da bai tashi ba sai 1949.

Akwai wata shari'a da nake so duk ɗan'uwan da ke aikin kamfani ya san ta. A jihar Mishigan akwai wani kamfanin tangaran a garin Mount Clemens mai ma'aikata kusan 1,200. Suna buga kati yadda ya kamata, amma kamfanin da kwata-kwata yake lissafi, in ka shigo sai a fara ƙirga maka daga kwatar da ke gaba, in za ka fita a tsaya a kwatar da ta wuce. Kotun ƙolin Amurka a hukuncinta na 1946 ta kawo misali. Mutum ya buga shiga 6:46, ya fita cin abinci 12:14, ya dawo 12:46, ya tashi 4:14. Kamfani ya rubuta masa sa'a 8 cif, alhali katin ya nuna ƙarin minti 56. Kotu ta ce tafiya daga agogo zuwa bakin aiki, da shirin fara aikin, duk lokaci ne da ake bin kamfani. Masu kamfanoni suka tayar da ƙura, majalisa ta yi doka a 1947 ta soke batun tafiyar. Amma ɗaya ɓangaren hukuncin yana nan har gobe, cewa idan maigida bai ajiye ingantaccen lissafi ba, ba za a ɗora wa ma'aikaci laifin rashin hujja ba, ya kawo abin da hankali zai ɗauka, maigida ne zai nemi abin ƙaryata shi. Ka ga katin da aka ƙirƙiro don kama makararre ya zama shaidar ma'aikaci a gaban alƙali.

A nan gida Nijeriya, jirgin ƙasa da tashar jiragen ruwa da ramukan haƙar ma'adinai ne suka fara sayen sa'o'in mutane da yawa, da jiniya da littafin akawu. Kuma jini ya zuba a kan lissafin. A ramin kwal na Iva Valley da ke Inugu, ma'aikata sun yi imanin hukuma na riƙe musu bashin kuɗi na wani tsari da aka yi, inda ake jera sunaye a ba wasu aiki yau a mayar da wasu gida ba ko kwabo. Suka shiga rage hannu, abin da ake kira gosulo, kalmar da mu mutanen Ikko muka mayar sunan cunkoson motoci. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe mutum 21, aka jikkata 51. Bayan nan ne masana'antu suka yawaita, masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, gwamnatin Jihar Yamma kuma ta yanka filin masana'antu na Ikeja. Turawan da ke shugabantar kamfanoni a lokacin sun sha cewa baƙar fata bai san lokaci ba. Wani masanin tattalin arziki, Peter Kilby, ya bincika masana'antun ƙasar nan ya buga sakamako a 1961, inda ya nuna cewa galibin ƙarancin aikin daga rashin tsari da rashin iya kulawa na shugabanni yake. Wani kuma, Adrian Peace, ya zauna a nan Agege cikin ma'aikatan Ikeja wajen 1970 zuwa 1971, ya ga cewa burin yawancinsu su tara jari su fita su kama kasuwanci. Wannan kam ko ba Bature mun sani, har yau burin yaranmu ke nan.

A zamanina a Ikeja, katuna na jere a jikin bango gefen agogo, jan tawada na nufin ka makara. Ranar Juma'a mu kan tsawaita hutun rana saboda masallaci, mu biya da yamma, kuma yarjejeniyar baka ce tsakaninmu da manaja, ni nake gyara lissafin da biro. Na ga wanda ya buga wa abokinsa kati yana can kwance a gida. Na kuma ga ranar da wani babba ya ce in share obataya, wato aikin ƙarin lokaci, na mutum goma sha, don kasafin watan ya ƙare. Biro ba ya barin sawu, abin da ya sa aka iya yin duka biyun ke nan.

Daga baya kwamfuta ta shiga lissafin kayan masana'anta. A shekarun 1960 injiniyoyi irin su Joseph Orlicky na IBM suka tsara yadda na'ura za ta ɗauki odar da ke ƙasa ta warware ta, ta faɗi kayan haɗin da za a saya da ranar da za a saye su. Shi ne ake kira MRP, kamfanin Black & Decker na cikin na farko da suka gwada shi a 1964, littafin Orlicky kuma ya fito a 1975. Nan da nan aka gane sanin kaya bai wadatar ba, sai an san ko akwai inji da hannun da za su yi aikin, sai aka jawo katin Metcalfe da ƙa'idar Taylor aka zuba su a ciki. A 1972 wasu mutum biyar da suka bar IBM suka kafa kamfanin SAP a Jamus, a 1990 kuma kamfanin bincike na Gartner ya raɗa wa irin wannan manhaja suna ERP, wato wadda ta haɗa sito da zauren injina da ofishin kuɗi da na albashi wuri guda. Yau har ƙananan masana'antu na iya ɗora irin su Odoo ko ERPNext, kuma in ka buɗe ta biyun za ka tarar da shafin da sunansa katin aiki, kamar yadda yake a 1885.

Ga yadda abin ke tafiya, mu ɗauki misalin buta tunda kowa ya san ta. A cikin manhaja, buta na da jerin kayan haɗinta, garin roba kaza, launi kaza. Tana kuma da jerin matakai, a zuba a inji, a gyare baki, a sa murfi, a ɗaure a buhu, kowane mataki da injinsa da lokacin da aka ƙayyade masa. Lokacin kashi biyu ne, na shirya inji da na ƙera kowace guda. A ce sauya mazubi minti 40 ne, kowace buta daƙiƙa 30. In aka ba da odar buta 1,000, ƙa'ida ta ce minti 540, wato sa'a 9. Ma'aikaci ya zo ya haska katinsa, ya haska lambar oda, ya danna fara. In ya gama ya danna, ya shigar da adadin masu kyau da waɗanda suka lalace. To a ce aikin ya ci sa'a 11. Ina sa'a biyun suka tafi? A nan gizo ke saƙar. Manhaja na da jerin dalilan tsayawa, wuta ta ɗauke, ana jiran janareto, inji ya lalace, kaya ba su iso daga sito ba. In an danna ɗaya daga cikinsu, sa'a biyun sun hau kan kamfani. In ba a danna ba, sun hau kan mai inji, allo ya nuna ƙwazonsa kashi 82 cikin 100, a hana shi ihsani ko a fara yi masa kallon rago. A ƙasar da wuta ke wasan ɓuya irin tamu, wannan maɓalli ɗaya ya fi komai muhimmanci ga ma'aikaci, kuma na tambayi yara da dama, yawancinsu ba su san da shi ba, wasu kuma oga ne kawai ke da ikon danna shi.

Idan akawu ya ce maka na'ura ce ta ce, ka sani mutum ne ya gaya wa na'urar abin da za ta ce. Lissafin kwata irin na Mount Clemens yana nan a cikin waɗannan manhajoji, ɗan akwati ne a shafin saiti, a zaɓi minti 5 ko 15, a zaɓi ko ɓangare biyu zai riƙa ci ko na ma'aikaci kaɗai. Haka cire lokacin hutu kai tsaye ko mutum ya huta ko bai huta ba, haka jadawalin ranar Juma'a. Kada a raina minti 15. Mu ɗauki mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, a raba shi kwana 26, sa'a 8 kullum, sa'a ɗaya ta kama naira 336 da 'yan kai. Kwata ɗaya kullum ta zama sa'a 6 da rabi a wata, sama da naira 2,000 ke nan, a ninka da yawan ma'aikatan kamfani. Amma in faɗi gaskiya, manhaja ta fi birona adalci ta fuska ɗaya, domin ingantacciya tana ajiye sawun duk wanda ya sauya lamba, da sunansa da lokacin da ya sauya. Da da ita a zamanina, da obatayar mutanen nan ba ta sharu a ɓoye ba.

Doka ma ba ta bar mu hannu rabbana ba. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda ta samo asali tun shekarun 1970, ta ce wanda ya yi aikin sa'a 6 ko fiye a yini yana da hutun da bai gaza sa'a ɗaya ba, abin da ya haura sa'o'in da aka yi yarjejeniya obataya ne, kuma dole maigida ya ajiye bayanan albashi da sharuɗɗan aiki. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 kuma ta sa zanen yatsa cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma ba mutum damar neman kwafin bayanan da ake riƙe da su a kansa. A Turai har sun wuce nan. A watan Mayu na 2019, bayan wata ƙungiyar ƙwadago ta Sifen ta kai ƙarar wani banki, kotun Tarayyar Turai ta ce wajibi ne kowane maigida ya kafa tsarin rubuta sa'o'in aiki na kullum. Wato ma'aikata ne da kansu suka je kotu neman a sa musu agogo.

Mu dawo kan ɗan wana. Na kama hannunsa na duba, yatsun sun sule saboda zafin roba da sinadarin wanke mazubi, ba mamaki injin ya ƙi shi. Na ce kada ya koma ofishin biya, ya nufi ofishin masu tsara aiki, ya roƙi a buɗe masa tarihin odar da injinsa ya yi a waɗannan ranaku. Ya je da wakilin ƙungiyarsu. Ranar farko ga lambarsa nan, ta fara oda ƙarfe 7:12 ta rufe da yamma. Rana ta biyu ma haka. Aka buga takardar aka kai wa akawun biya, aka ce za a saka masa kwana biyu a albashin wata mai zuwa, aka kuma ba shi katin haskawa a madadin yatsa.

Rana ta uku ce ba ta fito ba. A ranar injinsa na hannun masu gyara, sai oga ya tura shi ya taya share zaure da kwashe buhuna zuwa sito, aikin da ba shi da lambar oda. Ogan ya ce ya tuna, zai sa hannu in ya dawo daga hutu. Yaron ya sayi ƙaramin littafi na naira 300 a Oshodi, yanzu kullum yana rubuta lokacin shigarsa da na fitarsa da lambar odar da ya yi.